Jijiyar Bakin Zanen Puming

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Hong ya san ƙarar saƙar Puming tun kafin ya san fuskarta. Da an taso daga gona, taɓon ƙafarta bai gama bushewa ba, za ka jiyo ta a baranda tana buga zare da takobin katako, tim, tim, har kaji su shiga akurki. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, da baƙin toshe a hanci irin na matan da, da layin shuɗi tun daga goshi har kan hancin. Magana ba ta dame ta ba. Yabo kuwa ba ya cikin bakinta sam, ko saƙarta ba ta tsira daga kushenta ba, balle ta wata.

Mijinta Kojing nyibu ne, shi ake kira ya tsaya ya yi wa iskoki da kakanni magana in za a yi yanka. Tun ranar da Puming ta shigo gidansa bai ƙara sa tufa a jikinsa ba sai wanda ya fito daga hannunta, har gori yake yi wa maza da wannan. To, ana nan sai ga shekarar da gobara ta cinye jilang ɗinsa, mayafin da nyibu ke yafawa in zai tsaya gaban iskoki. Puming ta soma saƙa masa wani, bayanta ya ƙi tana tsakiyar aiki, shi kuwa tsohon ya ce ba zai tsaya da na kowa ba. Labarin wannan shekarar nake son in ba ku, amma dole in faro daga ƙuruciyarta.

Uwarta Diming ce ta koya mata saƙa, rabi da baki rabi da dundu. Irin saƙarmu ce dai: ki ɗaure bakin zare a ginshiƙin baranda, ɗaya bakin a ɗamarar fata da ta zagaye bayanki, ki zauna ki miƙe ƙafa ki tokare. In kin jingina zare ya miƙe, in kin sunkuya ya saki. Bayan mace shi ne rabin kayan aikinta, kuma ko uwa da 'ya ba sa ja iri ɗaya. Shi ya sa mayafi, da yake falle biyu ake saƙa shi a ɗinke a tsakiya, mace ɗaya ce ke saƙa fallayen duka. In aka haɗa na mata biyu, layukan ado ba sa gamuwa.

Puming ta kama komai da wuri, sai abu ɗaya da ya gagari uwarta. In ta kai zare bakin zane za ta juyo da shi, sai ta ɗan fizge shi da ƙaramin yatsa ta murɗa. Ido ba ya gani, amma in ka bi bakin da yatsa sai ka ji wani ɗan tudu siriri tun daga sama har ƙasa. Diming ta sa masa suna jijiya.

"Bakin zane lafewa yake yi, Puming," in ji ta. "Wannan jijiyar ta mece ce? Nama kike saƙa mana?"

Ta doke hannun, ta ɗaure ɗan yatsan da ɗan'uwansa, ta sa ta warware aikin yini guda. Duk a banza. Da an kwance yatsan sai ya koma halinsa, har Diming ta gaji ta ce mijin da ya ɗauke ta shi ya jiyo.

A zamanin babu zaren kanti. Mu shinkafa muke da ita, auduga kuwa tana hannun maƙwabtanmu, ƙabilar Nyishi, a kan duwatsu, kuma matan ƙauyukansu na kusa da mu ba su damu da saƙa ba. Saboda haka in an gama girbi sai 'yan matanmu su haura, su zauna a gidajensu su yi musu saƙa, su dawo da kwanduna cike da auduga. Shekarar da Puming ta isa tafiya, uwarta ta raka ta har bakin kurmin gora, ta kama kunnenta.

"Ki saƙa musu, ki ci abincinsu, ki yi musu fara'a. Amma kada in ji kin zaunar da 'yarsu a ɗamara. Ran da suka iya, wa zai ba mu auduga? Ganye za ki ɗaura?"

"Na ji, Ane," in ji Puming, don haka muke kiran uwa.

Gidan da aka sauke ta a wani ƙauye ne bayan garin Joram, dogon gida mai murhu birjik, kowace mace da nata. Nan ta gamu da Yallam, sa'arta, doguwa mai baki kamar an kunna rediyo. Aikin Yallam shi ne ta gurza auduga ta kaɗa zare ta miƙa wa baƙuwa, amma idonta kullum yana kan hannun Puming. Tun ranar farko ta dubi ƙafafunta da suka tsattsage saboda zaman ruwan shinkafa, ta sa mata suna Ƙafar-taɓo. Sai washegari Puming ta rama, ta ce, "Miƙo zare, Akuyar-dutse." Sunayen da suka riƙe wa juna ke nan har tsufa.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kayar da Puming, irin mai sa mutum sambatu. Sauran 'yan matan Hong suna wasu gidaje, kowa na fama da aikinta. Yallam ce ta tsaya a kanta. Ita ke dafa mata citta, ita ke goya ta zuwa rana da safe ta mayar da ita gindin murhu da yamma, tana yi tana zaginta wai nauyinta ya fi na buhun shinkafa. Da Puming ta miƙe, sai ta rasa abin da za ta ba wannan yarinya. Ba ta da wuri ba ta da dutsen wuya, zanen jikinta ma na yayarta ne. Abu ɗaya take da shi, kuma shi ne wanda aka ce kada ta bayar.

Ta ɗaura wa Yallam ɗamara. Da ta ga bayan yarinyar ya kasa gane lokacin ja da lokacin saki, sai ta zauna a bayanta, ƙirjinta manne da bayan Yallam, hannu a kan hannu. In ta jingina Yallam ta jingina, in ta sunkuya ta sunkuya, in ta buga su buga tare. Haka suka yi ta yi a bayan rumbu, inda suke zaton ba mai ganinsu, har sanyi ya wuce.

To, ina ake ɓoye abu a gidan da ke da murhu goma? Kafin Puming ta sauke kwandonta a Hong labari ya riga ta. Diming ta yi mata dukan da maƙwabta suka shigo ceto, ba a sake tura ta dutse ba, matan unguwa kuma suka sa mata suna Mai-kyautar-hannu. In ta wuce sai wata ta ce, "A ɓoye zare, ga ta nan." Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, ba Yallam ce ta kashe cinikin audugar ba. Ba a daɗe ba hanyar mota ta iso, zaren kanti ya cika kasuwar Hapoli kala-kala, kowa ya manta da hawan dutse. Amma ko mutum ɗaya bai zo ya ce wa Puming yi haƙuri ba, sunan kuma bai sauka ba.

Kojing bai damu da sunan ba. A aikin gayya ya gan ta, ya ce ita yake so, ita ma ba ta ce a'a ba. Lokacin yana bin wani tsohon nyibu yana koyon waƙoƙin yanka, waɗanda ake farawa da asuba ba a direwa sai rana ta yi ja. Da ya isa tsayawa da kansa, Puming ta saƙa masa jilang na farko. Ta miƙa masa tana kallon ƙasa, ta ce bakin yana da jijiya, ya yi haƙuri. Ya shafa bakin, ya sake shafawa, ya ce shi bai ga abin haƙuri ba. Tun daga ranar, duk wanda ya taɓa kallon Kojing a kan lapang, dandalin katakon da ke tsakiyar unguwa, ya san babban yatsansa ba ya barin bakin mayafin. Yana rerawa yatsan na hawa yana sauka.

Sauran rayuwarta irin ta matan Hong ce. Dashe, cirar ciyawa, kamun kifi a fadamar shinkafa, itace, haihuwa. Ta binne biyu, ta raya uku. 'Yarta Rinyo ta iya saƙa ƙwarai, bakin zanenta a lafe sumul yadda kakarta ta so. Yallam kuwa sai jefi-jefi suke gamuwa a kasuwar Hapoli, ta tsaya daga nesa ta ƙwala kira, "Ƙafar-taɓo, ba ki mutu ba?" Su yi musayar busasshen tsiron gora da gishirin toka, su zagi juna, kowa ta kama hanyarta. Shekaru suka yi ta ja, gamuwar ta yi ta raguwa.

Gobarar da rana tsaka ta tashi, duk gari yana gona. Gidajenmu na gora ne, kafaɗa da kafaɗa, wuta ba ta neman izini. Ba a rasa rai ba, amma layinsu Puming duka ya zama toka, har da jilang ɗin Kojing da ke cikin kwando a saman murhu. Kuma a shekarar ce babban ɗansu zai yi Murung, bikin yankan da ya yi alkawari lokacin da 'yarsa ta tashi daga ciwo. An yi duba da hantar kaza yadda aka saba, an tsayar da lokacin sanyi mai zuwa. Kowa ya san wannan ce tsayawar Kojing ta ƙarshe, don idonsa ya kusa rufewa, ƙafa ma sai da sanda. Uba ya tsaya a Murung ɗin ɗan cikinsa, ba kowane nyibu ke samun wannan ba.

Wani nyibu na ƙauyen Hari ya aiko cewa zai ara masa nasa. Surukinsa ya ce akwai na sayarwa a Hapoli, kyawawa, na inji.

"In ba na uwar Rinyo ba ne, ku nemi wani nyibu," in ji Kojing.

Puming ta ce wa ya ce a yi aro tana da rai? Da aka kafa sabon gida, tun ba a gama jinka ba ta yi wadari, wato ta ja zaren saƙar, a baranda. Ta ƙi zaren da aka rina a kanti, ta sa aka haƙo mata saiwar ja a daji, ta rina da kanta. Jilang ba zanen gona ba ne, adonsa zare-zare ake ɗaga shi da tsinke, yini guda ba ya ba ka faɗin tafin hannu. Falle na farko ya sauka lokacin da shinkafa ta soma ja. Ta yi wadarin na biyu, ta ɗaura ɗamara, ta tokare ƙafa, ta jingina. Maƙwabciyarta ta ce ihu ɗaya ta ji, ta fito ta tarar da ita kwance a gefe, zare ya saki a kan ƙafafunta.

A asibiti aka ce ƙashin bayan ya cinye, ba za ta ƙara zaman saƙa ba, tafiya ma sai a hankali in an yi sa'a. Puming ba ta yarda ba. Da aka dawo da ita ta sa aka jingina ta da ginshiƙi aka ɗaura mata ɗamarar, ta ja sau ɗaya, gumi ya keto mata, sai da aka kwance ta. Ranar ta yi kuka a gaban jikokinta, ita da ko ranar gobara ba a ga hawayenta ba.

Rinyo ta ce, "Ane, kwanta. Ni 'yar wa ce?" Ta bar gidan mijinta ta zo ta zauna a kan falle na biyu, ba dare ba rana, har ya sauka. Aka shimfiɗa su gefe da gefe a tabarma. Daga sama layukan sun gamu, zuwa tsakiya sun soma gocewa, a ƙasa kuwa na Rinyo ya gaza da faɗin yatsa biyu. Kojing ya lalubo bakin, ya shafa sau ɗaya.

"Wannan na Rinyo ne," ya ce. "Ya fi na uwarta kyau. Amma ba nawa ba ne."

"To in saƙa maka duka biyun, Aba, su zo daidai," in ji Rinyo ga mahaifinta.

"A'a."

Rinyo ta fusata, kuma ni ban ga laifinta ba. "Haba, Aba! Taurin kan nan ya isa. Ane tana kwance, yaya ya sayi dabbobi, an jiƙa shinkafar giya, kai kana nan kana zaɓen bakin zane kamar amarya? Iskoki bakin mayafi suke dubawa?"

Tsohon ya ɗago kai. Da ya yi magana, ba 'yar yake fuskanta ba, wajen shimfiɗar matarsa ya juya.

"Ba iskoki ba ne, ni ne. Waƙar tana guje mini yanzu, uwar Rinyo. Ina cikin jero sunayen kakanni sai in ga fili fari fat, ba gaba ba baya. Da can in haka ta faru sai in bi jijiyar nan da yatsa, maganar ta dawo. A kanta na koyi tsayawa. Ido ya tafi, in ita ma babu, tsoro nake ji. Kada in tsaya a Murung ɗin ɗana in yi shiru a gaban duk Hong."

Ba wanda ya taɓa jin Kojing ya ce yana jin tsoro. Rinyo ta fita baranda ta share ido, ta dawo ta ce za ta gwada yin jijiyar. Ta gwada, amma abin da yatsa bai saba ba ba a ƙaƙaba masa shi. Ƙulle-ƙulle ya riƙa fitowa, nan tudu can rami, jan bayan kuma nata ne dai.

Puming ta kwana biyu tana kallon jinka. Sannan ta kira ɗanta ta ce ya nemi mota ya haura bayan Joram, ya tambayi gidan Yallam, ya ce mata Ƙafar-taɓo na kira.

Kai, ka ga magana a unguwa! Tsofaffin matan da suka sa mata suna suna da sauran rai, bakinsu kuma bai tsufa ba. Hannun Nyishi a kan jilang? A ina aka taɓa yi? Wata ta ce dama wadda ta yi kyautar hannu tana yarinya ai mayafin nyibu ma za ta bayar. Shi kansa Kojing ya ɗaure fuska.

"Baƙuwa, uwar Rinyo? Na ƙi na 'yar cikina, in sa na baƙuwa?"

"Bari ta saƙa tukuna, tsoho. In ya sauka a ba ka duka biyun. In yatsanka ya gane nata, ni da kaina zan sa shi a wuta."

Yallam ta iso da kwando a baya da lofe a baki, ta rame ta yi furfura, amma tana nan miƙe kamar gora. Tun daga matakala ta fara.

"Ina take? Af! Ƙafar-taɓo, ke ce a kwance kamar kifin da aka manta a rana? Ni na ɗauka gawa aka kira ni in gani, har na yi guzurin kuka."

"Ajiye kukan, Akuyar-dutse, zai yi amfani gaba. Bayanki na nan?"

"Ya goyi 'ya'ya takwas da ke ta tara, me zai same shi?"

Puming ta miƙa hannu, Yallam ta durƙusa ta kama. Suka daɗe a haka.

Washegari aka jawo shimfiɗar Puming baranda, dab da inda Yallam ta zauna. Yallam ba ta taɓa saƙa jilang ba, ba ta san adonsa ba, saboda haka Puming ce ke faɗa daga kwance: ɗaga wannan, tsallake wancan, sa ja, mayar da baƙi. Ja da saki da bugu kuwa ba ta ce mata komai a kansu ba, kallo kawai take yi. Da takobin ya fara sauka, tim, tim, sai ga maƙwabciya ta haura matakala da gudu tana cewa, "Sannu, Puming, ashe kin tashi!" Ta yi turus da ta ga doguwar mace da lofe a cikin ɗamara. Ta ce ita dai kunnenta bai taɓa yi mata ƙarya a kan wannan bugun ba.

Haka aka yi ta yi har raɓa ta soma daskarewa a kan jinka da safe. Suna aiki suna faɗa. Yallam ta ce giyar Hong ruwan wanke tukunya ce, Puming ta ce wanda ya saba shan ta dutse ai harshensa ya mutu. Kojing yana ciki gindin murhu, bai fito ko sau ɗaya ba, amma Rinyo ta ce ta sha ganin kansa na kaɗawa daidai da bugun.

Ranar da fallen ya sauka, barandar ta cika, har da masu bakin nan, sun zo ganin yadda za a ji kunya. Rinyo ta shimfiɗa biyun gefe da gefe. Layi ya gamu da layi tun daga sama har geza, ko zare ɗaya bai goce ba. Ta tattara su ta juya a bayanta, ta jujjuya har ita ma ta rikice, sannan aka fito da tsohon aka zaunar, ta ɗora masa a cinya.

Ya ɗauki ɗaya, babban yatsansa ya bi bakin daga sama har ƙasa. Ya ajiye, ya ɗauki ɗayan, ya bi. Ya koma na farko.

"Rinyo, kada ki yi wasa da makaho. Falle ɗaya kika ba ni sau biyu."

"Ga su nan duka a cinyarka, Aba. Ɗaya a kowane hannu."

Ya riƙe su, yatsu biyu na tafiya a lokaci guda. Yallam ta cire lofe ta zunguri Puming.

"Me yake lalube haka? Ƙwarƙwata?"

"Jijiya yake nema."

"Wace jijiya?"

"Tudun bakin nan. Aibina ne tun ina yarinya, in na juyo da zare sai in murɗa. Uwata ta kusa karya mini yatsa a kansa."

Yallam ta saki baki. "Aibi? Aibi kika ce? Ke, Ƙafar-taɓo! Ni na ɗauka haka ake yi! Hannunki na kan nawa kina murɗawa, ni ma na murɗa. 'Ya'yana mata huɗu, babu wadda ban doka ba sai da ta iya wannan murɗar. Matan ƙauyenmu duk a wajena suka koya. Je ki bayan Joram yau, zanen da ba shi da tudun nan ko kallonsa ba a yi, cewa ake ragguwa ce ta saƙa. Ashe shekara da shekaru aibinki nake rabawa mutane!"

Barandar ta kwashe da dariya, har masu bakin, wata tsohuwa har da riƙe ciki. Puming ma ta soma dariya, bayan ya soke ta, dariyar ta juye kuka, ta rufe fuska da hannu. Abin da aka doke ta a kansa sau biyu, murɗar da koyarwar, ga shi yana zaune lafiya lau a wani gari, ana dukan yara don su iya shi. Kojing bai yi dariya ba. Ya haɗa fallayen biyu ya miƙa wajen da yake jin muryar matarsa.

"Ɗinke min, uwar Rinyo," ya ce.

A kwance ta ɗinke shi, mayafin a kan ƙirjinta.

Ranar Murung ba ta iya sauka ba. Aka bar ta a baranda cikin bargo, Yallam na zaune a bakin matakala inda ake hango lapang ta tsakanin gidaje. Tun da gari ya waye muryar Kojing ta tashi, siririya, tana rawa, amma tana tafiya. Puming ta san waƙar kamar yadda ta san hanyar gonarta, leɓenta na binsa. Ya wuce farkon duniya, ya wuce hanyar da kakanni suka biyo, ya shiga jero sunaye. Rana ta take tsaka. Sai muryar ta yanke.

Ba irin shirun shan ruwa ba ne. Hayaniyar taron ma ta mutu, har kana jin dabbobin da aka ɗaure suna jan igiya. Puming ta yunƙura za ta tashi, bayan ya mayar da ita.

"Yallam, me kike gani? Faɗa min!"

"Yana tsaye. Kansa a ƙasa."

"Hannunsa fa?"

"Yana lalube. Tsaya. Ya kama baki. Yatsan na tafiya."

Can sai muryar ta dawo, daidai kan sunan da ta tsaya, ta ma fi ɗazu ƙarfi. Wani a cikin taron ya yi guɗa, aka tsawata masa.

Sai da Puming ta tabbata ya miƙe hanya sannan ta ce, "Wane gefe ya kama?"

"Na hagu."

"Na hagun na wa ne, nawa ko naki?"

Yallam ta mayar da lofe bakinta ta zuƙa. "Naki ne. Na daman ma naki ne, Ƙafar-taɓo. Ni baya kawai na kawo."

Puming ta ci gaba da sauraren mijinta. Jikarta da ke kawo musu abinci ita ta ji abin da ya biyo baya, ta kuwa baza shi a unguwa kafin yamma, don ba a taɓa jin irinsa daga wannan bakin ba.

"Akuyar-dutse," in ji Puming, "kin iya saƙa."